Massey Ferguson 135 ta hannu: za ta iya sassaben ƙaramar gona?

Wanda ya mallaki fili na eka biyar zuwa ashirin da ciyawa da ƙaya suka cinye, yake kuma neman taraktarsa ta farko, da wuya ya zaga wajen masu sayar da na hannu bai ci karo da Massey Ferguson 135 ba. An ƙera ta daga 1964 zuwa cikin shekarun 1970, da yawansu a masana'antar Coventry ta Ingila, wato ko autarsu ta haura shekara 40. Hukuncinmu a kanta shi ne: in aikin yankan ciyawa ne da sare tsiron itatuwa da jan gungume da haro, ta isa har ta yi saura. In kuwa manyan kututture ake son tumɓukewa, wannan aikin buldoza ne.

Abin da ya riƙe mata daraja shi ne injinta, Perkins AD3.152 na dizal, mai silinda uku, lita 2.5, ƙarfin doki kusan 45. Ba shi da na'urar lantarki da za ta rikita bakanike, ba ya shan mai da yawa, kuma har yau ana ƙera kayan gyaransa sababbi: fistin, rin, hannun rigar silinda, famfon ruwa. Akwai masu injin fetur, musamman waɗanda aka haɗa don kasuwar Amurka. Ka nemi mai dizal.

Kafin a zo kan lafiyarta, ka tabbatar da irin kulocin da ke jikinta, domin a aikin sassabe wannan ya fi launin fenti muhimmanci nesa ba kusa ba. Wadda ake so ita ce mai kuloci hawa biyu: ka taka rabi, tayoyi su tsaya amma sandar PTO da ke juya injin yanka ta ci gaba da aiki, ka taka har ƙasa, ita ma ta tsaya. Amfaninsa yana bayyana ne idan ka kutsa cikin ciyawa mai kauri inji ya fara nishi. Sai ka dakata, wuƙaƙe su gama cin abin da ke ƙarƙashinsu, sannan ka ci gaba. Gwajinsa kuwa mai sauƙi ne. Inji na aiki, ka taka kuloci har ƙasa ka tura libar PTO. In ta shiga shiru, lafiya lau. In haƙoran giya suka yi ta gurzar juna, hawa na biyu ba ya saki. Wani lokaci saiti ne kawai, wani lokaci kuma sai an raba taraktar gida biyu.

Giyar ma iri-iri ce. Akwai mai shida gaba biyu baya, akwai mai takwas, akwai kuma mai Multi-Power, wadda ke raba kowace giya gida biyu, babban mataki da ƙarami, ta ba da 12. Ga sabon shiga mun fi son biyun farko. Multi-Power idan tana kan ƙaramin mataki, inji ba ya riƙe taraktar a gangare, sakinta take yi ta mirgina, sai birki kaɗai ya rage maka. Birkin 135 kuwa, kamar yadda za a gani, ba abin jingina rai ba ne.

Ranar dubawa, ka ce kada a tayar da ita sai ka iso, ka kuma ɗora hannu a jikin injin ka ji ko da ɗumi. Injin da rin ɗinsa ya cinye yana tashi da sauƙi in an riga an ɗumama shi. Mai lafiya yana kamawa cikin daƙiƙa kaɗan, ya yi ɗan hayaƙi, ya washe. Shuɗin hayaƙin da ya ƙi tsayawa yana nufin baƙin mai na ƙonewa. Fari bayan inji ya yi zafi, ko nozul ne ko ruwa na shiga silinda. Ka duba bututun numfashin inji da ke saukowa ta gefe: ɗan tururi ba komai, amma in yana feso hayaƙi da ɗigon mai, ka sa kuɗin sabunta inji cikin lissafi. Tun inji na da sanyi ka buɗe murfin lagireto, bayan an tayar ka ga ko kumfa na tasowa, alamar gasket ɗin kai ya ƙone.

Daga nan ka durƙusa ƙarƙashinta. A ƙasan gidan kuloci akwai ɗan rami da wata ƙusa mai baki biyu ke reto a ciki. Ka shafa da yatsa. Baƙin mai daga sil ɗin bayan inji yake, mai haske kuma daga na giya. Sil ɗin ba shi da tsada, amma ba a kai gare shi sai an raba taraktar, can kuɗin yake tafiya. Ka zaro sandar awon man baya, wanda giya da haidirolik da akselin baya suke tarayya a kansa. In ya yi fari kamar madara, ruwan sama ya shiga ta yagaggun robobin gindin libar giya, kuma mai yiwuwa famfon haidirolik ya daɗe yana shan wannan gurɓataccen mai. Ka rataya mata abu mai nauyi a baya, ka ɗaga sama, ka kashe inji. Ya kamata ya jima a rataye. Wanda ya sulale ƙasa cikin minti ɗaya ko biyu, ko yake ta ɗan zabura sama inji na aiki, silindar ɗagawa na yoyo a ciki. Tarakta mai sabon ja da ke sheƙi har kan giris da wayoyi, sau da yawa kyan ɗan maciji ne.

Birki shi ne babban rauninta. Na ganga ne busasshe, kuma da zarar sil ɗin aksel ya fara yoyo, mai ya jiƙa takalman birkin, shi ke nan. Ka leƙa ta cikin kowace ƙafar baya ka ga ko da danshin mai, ka kuma taka feda ta hagu da ta dama ɗaya bayan ɗaya a fili. Tayoyin baya ma a duba su da kyau, domin sabbi guda biyu na iya cin kaso mai tsoka na kuɗin taraktar kanta.

Injin yankan da ya dace da ita mai faɗin ƙafa biyar ne, wato mita 1.5. Mai ƙafa shida za ta ja shi a ciyawa mara kauri, amma a kurmi zai shaƙe ta, gabanta kuma ya riƙa yin sama. Ana juya shi ne a kan juyi 540 a minti na sandar PTO, abin da ake samu idan injin taraktar na wajen juyi 1,700. Tsiron da bai wuce santimita 3 zuwa 5 kauri ba zai farfasa shi. Wanda ya fi haka, gatari ko zarto. Dole sandar PTO ta kasance da noti mai karyewa ko kuloci mai zamewa. Masu maye gurbin notin da ƙarfe mai tauri don sun gaji da canzawa, ranar da wuƙa ta daki dutse giyar injin yankan ce ke biya. Ka taka filin da ƙafa tukuna, ka kafa sanda a kan kowane kututture da rami da tsohuwar waya. Zagayen farko a yanka sama-sama, na biyu a sauke. A riƙa share ragar gaban lagireto, don ƙaiƙayi na toshe ta inji ya yi zafi.

Jan kututture shi ne inda ake asarar rai. Sarƙa a ɗaura ta a ƙarfen ja na ƙasa kawai, wanda ke ƙasa da aksel. In aka ɗaura sama, kututture ya ƙi motsi, tayoyi suka kama ƙasa, taraktar ce za ta juya ta baya, kuma tana kaiwa inda ba ta dawowa cikin ƙasa da daƙiƙa guda. Yawancin tsofaffin 135 ba su da ƙarfen kariya a saman direba. Ana samun na sakawa, haɗe da bel, kuma ya kamata ya zama abin farko da za a saya mata.

Wanda filinsa ke da taɓo ko tudu, ko yake son shebur na gaba don kwasar tarkace, 135 za ta ba shi haushi: ƙafafun baya kaɗai ke ja, da yawa ba su da sitiyari mai haidirolik, nauyin shebur kuma yana cinye fin ɗin akselin gaba. Ƙaramar Kubota mai jan ƙafa huɗu ta fi dacewa da shi, ko da yake ta fi tsada. Ford 3000 sa'ar 135 ce a shekaru da ƙarfi, duk wadda ta fi lafiya cikin biyun a ɗauka. Ford 8N ta 1947 zuwa 1952 kuwa arharta na ruɗi, domin kulocinta hawa ɗaya ne, kuma in ba a saka mata mahaɗi mai sakin juyi a sandar PTO ba, wuƙaƙen yanka kan ci gaba da tura ta gaba bayan an taka kuloci.

Da ta iso gida, kafin ta shiga ciyawa, a juye baƙin mai a sa sabuwar filta, a canza filtar dizal a fitar da iska daga famfo, a zuba sabon man baya kusan lita 30, a canza robobin libar giya, sannan a bi duk kan nonon giris na akselin gaba da sitiyari har sai tsohon ya fito.