Kejin da ya dace da ɗan Lhasa mai taurin kai

Karen Lhasa ƙarami ne, tsayinsa santimita 25 zuwa 28, nauyinsa da wuya ya haura kilo 8, amma zuciyarsa ta babban kare ce. Asalinsa daga Tibet yake, inda ake ajiye shi cikin gidaje da wuraren ibadar mabiya Buda don ya yi haushi idan baƙo ya shigo. Ya saba yin gaban kansa. Ranar da ka fara rufe shi a keji zai bi kowace kusurwa da haƙori da farce yana laluben inda ya yi rauni, saboda haka ƙarfin keji ne abin dubawa na farko, kyau ya biyo baya.

Ni dai zaɓina kejin waya mai ninkewa, mai tsawon inci 24, wato kusan santimita 60. Iska na ratsa shi ta ko'ina, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne ga kare mai gashi ninki biyu a zafin Afrilu na Kano ko Sakkwato. Yana hango mutanen gida, hankalinsa ya kwanta, kai kuma dardumar salla da kwanukan abinci sun tsira daga bakinsa. Ka nemi mai shamaki a ciki da ake matsarwa gaba ko baya. Kwikwiyo ba ya son ɓata makwancinsa, amma idan wurin ya yi masa yawa sai ya kwana a gefe ɗaya, ya mai da ɗaya gefen bayi. Ka bar masa daidai inda zai miƙe tsaye, ya juya, ya kwanta, sannan ka riƙa ƙara masa yayin da yake girma. Farantin da ke ƙasan kejin kuwa zare shi ake yi a wanke a mayar.

Da irin wannan keji horon ma ya fi sauƙi. A kwanakin farko a ciki za ka riƙa ajiye masa abinci, ƙofa a buɗe. Daga baya ka rufe na 'yan mintoci, kana zaune kusa yana ganinka. Kada ka buɗe yana cikin kuka, jira ya yi shiru ko da na ɗan lokaci ne, domin Lhasa idan ya gane kuka na buɗe ƙofa, to ka shiga uku. Kada keji ya zama wurin hukunci. Kwikwiyo ɗan wata 3 ba ya iya riƙe fitsari fiye da awa 3 zuwa 4, kuma a cire masa abin wuya kafin a rufe, don yana iya maƙalewa a waya.

Sauran nau'o'in keji kuwa, na roba na tafiya a jirgi ne da mota, a gida zafi yake tarawa. Na yadi mai zif ba ya kai sati a bakin Lhasa. Na katako yana shan fitsari, warin ba ya fita. Na mai walda sai an dace da gwani, yawanci nauyi ne da kaifi.

Inda na fi jin zafi shi ne jabun kejin waya. An taɓa sayar min da wani a kwali mai hoto gwanin kyau, ashe wayar siririya ce, sakata ɗaya tal a tsakiyar ƙofa. Karen ya tura ƙasan ƙofar da hanci, ta lanƙwashe, muƙamuƙinsa ya maƙale a tsaga, na same shi dasashi na jini. Bayan wannan sai da ya daɗe yana ƙin kusantar kowane keji. Don haka kada ka biya kuɗi a kan hoton Instagram ko Facebook. A buɗe kwalin a gabanka, a haɗa kejin. Danna wayar da babban yatsa, in ta lotsa ka bar musu kayansu. Ƙofa ta kasance da sakata sama da ƙasa. Goga tsumma a wuraren walda, duk inda ya kama zare zai kama fatar kare. Ka kankare fentin da farce, domin akwai masu shafe tsohon keji mai tsatsa su ce sabo ne.

Keji na hannu ya fi wannan haɗari. Ƙwayar cutar fabo, mai sa kwikwiyo amai da gudawar jini, tana yin watanni a jikin kaya, kuma mai sayarwa ba zai gaya maka abin da ya faru da karen da ya kwana a ciki ba. In dole ne, a wanke shi tas da sabulu, a jiƙa shi da ruwan bilic na minti 10, a ɗauraye, a shanya a rana. Ka kuma yi hattara da masu haɗa maka kwikwiyo da keji su ce kejin kyauta ne. Tambayi watanninsa, kada ka karɓi wanda bai kai sati 8 ba, ka ce a nuna maka uwarsa, sannan ka kai katin rigakafin wurin likitan dabbobi ya duba hatimi da lambar maganin kafin ka cika kuɗi.