Sharhi kan Sennheiser HD 650: sabon soso, sassauta matsi da ikwalaiza

Hedifon HD 650 na kamfanin Sennheiser na Jamus ya fito a 2003, shekara shida bayan yayansa HD 600 na 1997. A 2016 kuma kamfanin Massdrop ya fitar da HD 6XX, wanda kusan shi ne HD 650 ɗin da wani launi da gajeren kebul. Duk ƙirarsu ɗaya ce: bayan kunne a buɗe da raga, turjiya ga wutar lantarki om 300, nauyi wajen giram 260 ba tare da kebul ba, kuma galibin sassansu da hannu ake cirewa a mayar. Saboda haka abin da zan faɗa a nan ya shafi duka ukun.

Bayan daɗewa ina sauraro da shi, ra'ayina bai canza ba game da abin da ya fi iyawa. Muryar mutum, ko waƙa ce ko karatu ko hira, tana fitowa da jikinta, ba kaushi, ba ta yi wa kunne tsini. Kayan kiɗa masu tsirkiya ma haka. Inda masu shi suka fi kuka wuri biyu ne: sabo yana matse kai, tsoho kuma sautinsa yana dushewa kamar an rufe shi da mayafi. Akwai na uku, wato ƙarancin amon can ƙasa (bes mafi zurfi), wanda yake tare da shi tun daga masana'anta. Duk ukun suna da magani.

Soson kunne shi ne kan gaba, domin a wannan hedifon daɗin sawa da daɗin sauti duk a kansa suka rataya. Na asali karammiski ne a waje, soso a ciki, da zoben roba a baya wanda ke maƙalewa a jikin kofin. Kaurinsa ne ke tsayar da tazarar da ke tsakanin kunne da lasifikar ciki, kuma da wannan tazarar aka daidaita sautin. Idan soson ya kwanta saboda matsi da gumi, kunne yana matsowa kusa, iskar da ke cikin kofin tana raguwa. Sai amon sama ya ja baya, amon tsakiya na ƙasa ya kumbura, kiɗa ya cuɗe. Mutane da yawa a nan suke yanke hukuncin cewa hedifon ɗin ya tsufa, ko su fara neman sabuwar amfilifaya (na'urar ƙara ƙarfin sauti), alhali lasifikar ƙalau take.

Gane soson da ya mutu ba shi da wuya. A danna shi da yatsa: idan bai taso nan take ba, ko ɓangaren da ke bayan kunne ya fi na gaba lafewa, ko gefen kunne ya fara taɓa siririn soson da ke rufe lasifika, lokacin canji ya yi. Ga mai sawa kullum, shekara ɗaya zuwa biyu ne iyakarsa a ganina, kuma a garuruwanmu masu zafi ya fi kusa da shekara ɗaya, don gumi da man gashi suna cinye soso da wuri.

Wajen canzawa, a sa yatsu biyu ta cikin ramin soson, a ja shi waje a hankali daga gefe ɗaya har zoben ya saki. A ƙarƙashinsa akwai faifan soso siriri mai siffar ƙwai. A cire shi a sa sabon da ke zuwa tare da soson kunnen. Kafin a rufe, a haska tocila a duba ko akwai gashi a kan lasifikar. Silin gashi ɗaya ya isa ya sa ta riƙa zizar duk lokacin da bes ya buga, kuma da hantsaki ake ɗauke shi, kada yatsa ya taɓa fatar lasifikar don tana lotsawa. Daga nan a ɗora sabon soson, a bi zoben da babban yatsa ana dannawa zagaye har a ji ya shige ko'ina. Kuskuren da aka fi yi shi ne barin gefe ɗaya bai zauna ba, sai kunne ɗaya ya fi ɗaya bes, mutum ya zaci lasifika ce ta lalace. Kuma biyun ake canzawa tare, ko da ɗaya ne ya fi lalacewa.

Sauyin da na ji da sabon soso na asali ya fi duk wani abu da na gwada a kansa. Kuge da ƙararrawa sun dawo da haskensu, kalmomin mawaƙi sun rabu da juna, kunne kuma ya daina taɓa ciki. Wanda ya saba da tsohon soso zai iya jin sabon ya yi masa haske da yawa a farko. Wannan yana lafawa idan soson ya ɗan zauna da siffar kai.

Na gwada soson fatar rago na wasu kamfanoni, mai rami-rami da marar rami. Ba zan hana kowa saye ba, amma ya san cewa wani hedifon yake sayowa. Fata tana toshe iskar da karammiski ke bari ta wuce, don haka bes yana ƙaruwa, amma murya tana ja baya ta yi kamar daga cikin akwati take fitowa, kuma muryar ce dalilin sayen HD 650 tun farko. Mai rami-ramin ya fi kusa da na asali, ya fi sauƙin gogewa, ya fi daɗewa, sai dai duk da haka sautin ya sauya. A lokacin bazara kuwa fata marar rami tana tara gumi cikin ɗan lokaci. Sai a yi hattara da na jabu da ake sayarwa da sunan na asali a farashi mai rahusa ƙwarai: sosonsu ya kan yi tauri ko laushi fiye da kima, zoben kuma ba ya zama daidai.

Wanki yana taimakawa wajen tsabta kawai. Ruwa mai ɗumi da sabulu marar ƙarfi kaɗan, a matse a hankali ba tare da murɗawa ba, a ɗauraye, a shanya a inuwa har ya bushe sarai, kwana ɗaya ko biyu. Rana tana busar da soso ya riƙa marmashewa, mayar da shi da danshi kuma yana kai laima ga lasifika. Wanki ba ya tayar da soson da ya riga ya kwanta.

Sai matsi. Abin da ke matse kai siraran ƙarafan nan biyu ne da ke zamewa ciki da waje don daidaita tsayi, ba bakan robar da ke saman kai ba. Wannan bambancin yana da muhimmanci ƙwarai, domin wanda ya kama kofuna biyu ya buɗe su da ƙarfi, a kan robar nauyin yake sauka, kuma tsagewa take yi a tsakiya. Yadda ake yi: a zaro ƙarafan har ƙarshe. A riƙe ɗaya da hannu biyu, manyan yatsu a bayan ƙarfen, sauran yatsu a ciki, hannun duka a kan ƙarfe kaɗai. A lanƙwasa shi waje kaɗan, a riƙe na daƙiƙa biyar zuwa goma, a matsa gaba a maimaita a wuri biyu ko uku don kada lanƙwasar ta taru a waje ɗaya. A yi wa ɗaya ɓangaren daidai da haka, a sa a kai a ji. Gara a yi sau uku kaɗan-kaɗan da a yi sau ɗaya a wuce gona da iri. Ana iya mayar da shi ciki, amma ƙarfen da ake ta kaiwa da komowa yana rauni. Alamar an kai inda ake so ita ce hedifon ya zauna idan an sunkuya, amma muƙamuƙi bai gaji ba bayan awa guda. Idan ya yi sako-sako, duk nauyin yana komawa tsakar kai, ciwo ya tashi daga gefe ya koma sama. Ɗora shi a kan tarin littattafai ya kwana, wanda ake yawan ba da shawara, ban ga amfaninsa ba: robar yake wahalarwa, soson kunne kuma yake kwantarwa.

Ribar sassauta matsin biyu ce, don soso ma yana daɗewa. Masu tabarau su ma suna samun sauƙi, kuma wannan hedifon ba ya asarar bes sosai idan ƙafar tabarau ta ɗan ɗaga soson, saɓanin masu rufaffen baya.

Soson saman kai ma yana canzuwa. Na HD 650 yana da kwarmi a tsakiya don kada ya danne tsakar kai, na tsohon HD 600 kuma ƙulli huɗu ne. Kowanne yana shiga bakan ɗayan. Mai jin zafi a wuri ɗaya a tsakar kai ya gwada mai kwarmin.

Amon can ƙasa ba soso ne zai kawo shi ba. Ƙasa da Hz 100 (Hz ma'aunin amo ne: ƙaramar lamba, amo mai kauri) sautin HD 650 yana fara sauka, kuma kafin a kai Hz 30 ya ragu sosai. Ikwalaiza, wato manhajar ƙara ko rage wani ɓangaren sauti, ita ce hanyar da ta dace, kuma kyauta ce: Equalizer APO tare da Peace a Windows, Wavelet a Android, ko kuma a sayi ƙaramar na'ura irin Qudelix 5K da ke ajiye saitin a cikinta. Shafin intanet na AutoEq yana da saiti na wannan hedifon da aka gina a kan ma'aunin sauti na kamfanin Harman, wanda Sean Olive da abokan aikinsa suka fitar daga gwaje-gwajen masu sauraro. Ni dai ban cika son cikakken saitin ba, gyara biyu sun ishe ni. Na farko, a ɗaga duk abin da ke ƙasa da Hz 105 da desibel (ma'aunin ƙarfin sauti) 4 zuwa 5, faɗin gyaran, wato Q, 0.7. Na biyu, a rage desibel 1 zuwa 2 a wajen Hz 200, Q kusan 1, don kawar da kumburin da ke lulluɓe murya. Tsakiya kuwa a ƙyale shi. Wajibi ne a rage ƙarfin sautin da ke shiga ikwalaiza (preamp) gaba ɗaya da aƙalla adadin da aka ɗaga, wato idan an ƙara 5 a rage 5 ko 5.5, in ba haka ba sautin zai riƙa fashewa a wuraren da kiɗa ya yi ƙarfi. Kada kuma a zarce desibel 6: lasifikar ƙarama ce, kuma idan aka tilasta mata bes mai yawa da ƙarfi, sautin yana ƙazancewa. Galibin saitunan da ake saukewa an auna su ne da sabon soso na asali, don haka ɗora su a kan mataccen soso ko na fata gyaran abin da babu shi ne.

Daga nan maganar amfilifaya take shigowa, kuma lissafi ne mai sauƙi. Om 300 bolt yake buƙata fiye da yawan wutar da ke gudana. Bolt 1 yana ba da kusan miliwat 3.3, bolt 2 kuma wajen 13, kuma duk ninka bolt ƙarin desibel 6 ne. Ƙaramin adaftan USB-C na Apple na kasuwar Amurka bolt 1 yake bayarwa, na Turai rabin haka. Bolt 1 yana isa ga yawancin waƙoƙin zamani idan ba a sa ikwalaiza ba. Da an rage desibel 5 ko 6 saboda ikwalaiza, kusan rabin bolt ɗin ya tafi, sai a ga an ƙure maɓalli sauti bai kai ba. Adafta mai bolt 2, ko amfilifayar tebur irin JDS Labs Atom ko Schiit Magni, ta warware wannan. Abin da ya haura haka a kuɗi, kunnena bai ji bambancin da ya kai na sabon soso ba.

Masu son amfilifayar kwalba (mai bututun gilashi, wato tube) irin Bottlehead Crack suna da hujja, kuma ana iya auna ta. Turjiyar HD 650 ba ta tsaya a 300 ba, tana hawa zuwa wajen 500 a kusa da Hz 100. Idan turjiyar fitarwa ta amfilifaya ta kai om 120, wannan wurin yana samun ƙarin kusan desibel 1, shi ne ɗumin da ake yabawa. Mai son sautin yadda aka tsara shi ya nemi wadda turjiyarta ba ta wuce kashi ɗaya cikin takwas na ta hedifon ba, wato ƙasa da om 37.

Kebul kuwa don sauƙin amfani ake canza shi. Mita 3 na kebul ɗin asali ya yi yawa ga mai zama gaban kwamfuta, mita 1.2 zuwa 1.8 ya fi. Filogin kowane kunne ƙafa biyu gare shi, ɗaya ta fi ɗaya kauri, don haka ta fuska ɗaya kawai yake shiga: harafin L ko R ya kalli waje. Tura shi a juye da ƙarfi yana buɗa ƙananan sifirin da ke riƙe ƙafafun a ciki, daga nan sauti ya fara ɗaukewa idan an juya kai. Yawan cirewa da mayarwa ma yana jawo haka.

Gyare-gyaren da ake yanka wani abu ban goyi bayansu ba. Cire siririn soson gaban lasifika yana ƙara haske kaɗan, amma shi ne katangar da ke tare gashi da ƙura. Fitar da soson da ke bayan maganaɗisu ko yanke robar da ke riƙe shi yana sa bes ya yi yawa ya kuma saki, kuma wanda ya yanke ba shi da hanyar komawa sai sayen sabuwar lasifika. Duk abin da ake nema da su, ikwalaiza tana bayarwa, a kashe ta idan ba a so.

Buɗaɗɗen baya yana da sharaɗinsa. Ƙarar fanka ko janareta tana shiga kai tsaye, kuma amon ƙasa take fara haɗiyewa, sai mutum ya yi ta ƙara sauti bai sani ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar desibel 80 na awa 40 a mako ga manya, kuma wannan hedifon, saboda ba ya yi wa kunne kaushi, yana da sauƙin sa mutum ya zarce. A lokacin hunturu ƙura tana bi ta ragar baya, don haka a riƙa ajiye shi a akwatinsa ko cikin jakar yadi. Idan za a rataye shi, a rataye ta bakan a kan abu mai faɗi, kofunan suna lilo ba abin da ke danna soson.