Wankin ƙoda a Garwa ko dashe a Indiya?

Sannu da jinya 'yar'uwa, Ubangiji ya tashi kafaɗun maigidanki. Dangi sun ce a sayar da gida a kai shi Indiya dashen ƙoda, likita kuma ya ce a fara wanki. Ki bi maganar likita, gidan nan kuma kada ki bari a taɓa shi.

Babanmu wanki ake masa a nan Garwa, sau biyu a mako, awa huɗu kowane zama. Ranar farko ɗaukarsa muka yi, ƙafafu sun kumbura, numfashi sama-sama, ko kunu ba ya zama a cikinsa. Yau da ƙafarsa yake zuwa sujada, shi ne ma mai ɗaga waƙa a bencin dattawa. Zumuntar mata suka raba ranakun rakiya a tsakaninsu, da jininsa ya yi ƙasa kuma matasan ikilisiya suka yi layi suka bayar. Fastonmu yakan zauna gefen na'urar, jini na zagayawa cikin bututu, ya kama hannun Baba ya yi addu'a. Irin wannan gata ba za ki same shi a ƙasar da ba ki san kowa ba.

Da can sefa 5,000 ake biya kowane zama, a shekara ya haura rabin miliyan. Tun 2023 da gwamnatin Kamaru ta soma shirin CSU, wato tsarin rage wa jama'a kuɗin jinya, sefa 15,000 ne shekara guda, don haka ki yi masa rajista tun yanzu. Sai dai a wajenmu allurar ƙarin jini, maganin hawan jini, gwaje-gwaje da kuɗin mashin zuwa asibiti duk daga aljihu suke fita. A nan taimakon dangi da baikon ikilisiya za su yi amfani.

Ki roƙi likita a yi masa fistula a hannu da wuri, wato ƙaramar tiyatar haɗa jijiyoyin jini biyu don a riƙa jona na'urar wanki a wurin, don bututun da ake sa wa a wuya kafin nan yana saurin jawo ƙwayoyin cuta, ita kuwa fistula sai ta yi kamar mako shida zuwa takwas kafin a fara aiki da ita. Kowace safiya ki ɗora yatsa a wurin, za ki ji yana ɗan karkarwa. Ranar da kika ji shiru, ku tafi asibiti. Kada a auna hawan jini ko a ɗebi jini a wannan hannun. Gishiri, dunƙulen magi da kanwa a rage sosai, ayaba da lemu da dankali sai da izinin likita. Abin da ya fi wahalar da Baba ƙishirwa ce a bazarar Garwa, ga ruwa an ƙayyade masa. Gutsuren ƙanƙara muke ba shi ya tsotsa.

Dashe kuwa, in ya samu ya fi, ban musa ba. Amma sai da ɗan'uwan da jininsu ya dace, da miliyoyi, da magani kullum har ƙarshen rai. In lokacinsa ya yi, ana yi a babban asibitin Yawunde tun 2021, ana yi a asibitin Aminu Kano.

Ba ki tambaya ba amma zan faɗa. Da labari ya fita za ki ga dillalai a WhatsApp, wai sun san asibiti a waje, wai har da mai sayar da ƙoda. Cinikin ƙoda laifi ne, kuma kuɗin kafin alƙalami suke so su gudu da shi. Masu jarkar jiƙo da ke cewa tana wanke ƙoda, ki kore su, haka ma diclofenac da ibuprofen na 'yan tebur. Waɗanda suka fi ƙona mini rai su ne masu sayar da mai da ruwan albarka, suna cewa zuwa wanki rashin bangaskiya ne. Luka da ya rubuta bishara ai likita ne. Wanda ya tsallake wanki ruwa zai cika masa huhu, zuciya ma tana iya tsayawa.

In Marwa ta fi muku kusa, can ma akwai cibiyar wanki. In Garwa za ku zo, ki haɗo duk takardun gwaji da katin shaidarsa, ki yi mini magana ta akwatin saƙo, akwai ɗaki a gidanmu.