Gargaɗi: A yi hattara da mai yawo da MP "mai ainihin sauti" a Bauchi

Jama'ar Bauchi, musamman masu saya wa iyaye 'yar na'urar sauraron karatu, akwai wani mutum da ke yawo da jakar goyo tsakanin bakin kasuwar Wunti da tashoshin mota yana tallar ƙananan MP. Ba shi da shago, ba ya ba da rasit. A jikin kwalin an buga Hi-Fi da Lossless da 64GB, shi kuma yana rantsuwa ya zuba cikakken Alƙur'ani da tafsiri da waƙoƙi a tsarin FLAC, wani nau'in fayil ɗin sauti mai inganci. "Alhaji, kamar kana zaune a gaban malam," haka yake ce wa dattawa. Da wannan daɗin bakin yake karɓar kuɗin da ya fi na shago nesa ba kusa ba.

Ƙanwata ta saya wa mahaifinmu guda, shi ne ta zo hannuna, don Baba ya ce mai karatun kamar mura ke damunsa.

FLAC ɗin gaskiya ba ya zubar da komai daga sautin da aka ɗauka. MP3 kuwa yankewa yake don fayil ya yi ƙarami, kuma iyakarsa 320 kbps (kbps ma'aunin yawan bayanan sautin da ake ajiyewa ne a kowace daƙiƙa). To abin da wannan bawan Allah yake yi, sai ya kwaso karatun da ya sha yawo a WhatsApp, wanda an riga an matse shi ya gaji, ya juya shi FLAC a kwamfuta. Fayil ya kumbura, suna ya canza, amma abin da aka yanke ya tafi ke nan. Kamar a zuba kunun da aka tsinka da ruwa cikin babbar kula ce, kula dai ta cika.

A karatun Alƙur'ani ma abin ya fi fitowa fili. Sinun da shinun da sadi a saman sauti suke zaune, kuma nan ne matsewa ke fara ci. Sai ka ji harafin yana wani shuu, yana rawa, ba ka rabe sinun da sadi. Ga mai sauraron waƙa wannan ɗan takaici ne kawai. Ga yaron da ke gyara haddarsa da wannan na'ura, a ganina ɓarna ce babba.

Bai tsaya nan ba. Ya ƙara wa fayilolin ƙarfi fiye da ƙima don su yi amo a cikin hayaniyar kasuwa. Idan aka tura sauti ya wuce iyakar da tsarin ke ɗauka, kansa ake datsewa, shi ya sa da mai karatu ya ɗaga murya a wurin madda sai ka ji ƙarrr. Ka rage murya har ƙasa, kakarin yana nan, domin a cikin fayil yake, ba a sifika ba. Wannan ita ce hanya mafi sauƙi ta ganewa: in laifin ƙaramar sifika ne, da ka rage zai lafa.

Wurin gwaji kuma yana da sura guda mai kyau da yake kunnawa, da iyafis nasa mai tsada. Na cikin kwalin daban ne.

Sai memori. Ya nuna 64GB, amma da na sa shi a kwamfuta na gwada da H2testw, manhajar gwada ainihin girman memori, wurin da ke riƙe kaya bai kai 8GB ba. Irin wannan kati ana yi masa dabara ne ya faɗi girman ƙarya. Sunayen surori duk suna nan a jere, amma waɗanda aka tura bayan ya cika ba sa buɗewa, wasu kuma su fara su sare a tsakiya.

Wanda ya riga ya saya, lissafi kaɗai ya isa ya fara. MP3 mai 128 kbps yana cin kusan 1MB a minti, mai 320 kbps kusan 2.4MB, sautin faifan CD kuwa kusan 10MB kafin a matse shi. In an ce maka FLAC ne ka ga karatun minti 10 bai wuce 10MB ba, ka sa alamar tambaya. Girman ma ba shaida ba ne, tunda ana kumbura shi. Akwai manhajar Spek, kyauta ce, tana zana sautin a allo. Kunnen mutum yana kaiwa wajen 20 kHz (kHz ma'aunin sirantakar sauti ne), MP3 mai 128 kbps kuma yawanci a wajen 16 kHz yake yankewa. Na Baba ko nan bai kai ba, sama duk baƙi ƙirin, an yanke shi tsaf a layi ɗaya.

Wanda zai saya, ya je da iyafis ɗinsa, ya zaɓi sura da kansa daga tsakiya da ƙarshen jerin, ya saurara a ƙaramar murya nesa da janareta. Ya sayi memori daban a shagon da zai iya komawa gobe, a rubuta masa rasit. In mai kaya ya hana ka taɓa maɓalli, ko ya ce batir zai ƙare, mayar masa da abinsa.

Waɗanda ya riga ya cuta su ajiye kwalin da katin, kada su goge komai. Su kai wa shugabannin kasuwar da suka gamu da shi, ko su shigar da ƙorafi a hukumar kare haƙƙin masu sayen kaya ta tarayya, FCCPC. A kuma gaya wa dattawan unguwa baki da baki, don su yake tarewa bayan an fito sallah, kuma yawancinsu ba za su ga wannan rubutu ba.