Wata takwas da injin iska mai tsaye a Agege

Bayan cire tallafin mai a 2023, janareta ya fi ƙarfina. Na fara da sola, sai damina ta nuna mini iyakarta: a Legas hadari kan rufe rana kwana biyu ko uku a jere, batir ya kwana da yunwa. Shi ya sa na sayi injin iskar nan mai juyawa a tsaye kamar garwa, na wat 600, muka kafa shi a saman benenmu.

Akwai abin yabo. Ba ruwansa da inda iska ta fito. Ko daga teku ko daga tsakanin gidaje, juyawa kawai yake. Irin mai fuka-fuki kamar fanka, kamar waɗanda aka kafa a Lambar Rimi ta Katsina, sai ya juya fuska ya nemi iska tukuna. Nawa haɗin samfuri biyu ne: Savonius a tsakiya, mai kofuna, shi ke tayar da shi ko iska ba ƙarfi, sai Darrieus a waje, mai siraran fuka-fuki. Ƙararsa kaɗan ce, maƙwabta ba su taɓa kuka ba.

Amma juyawa daban, wuta daban. Nan ne raina ya ɓaci, domin mai shagon bai faɗa mini ba. Wat 600 ɗin da ke jikin kwali sai iska ta kai gudun mita 12 a daƙiƙa. Iskar unguwarmu kuwa da ƙyar take wuce uku zuwa huɗu, ga benaye sun tare ta ko'ina. Kuma lissafin ba ya sassauci: idan gudun iska ya ragu da rabi, wutar kashi ɗaya cikin takwas take komawa. A mita huɗu, kashi ɗaya cikin 27 ke nan, wat ashirin da 'yan kai. Ƙwan fitila biyu da cajin waya. Na sha tsayawa ina kallonsa yana ta wulwulawa, yara suna murna, mitar wuta kuma ko motsi.

A Yuli da Agusta ya ɗan taɓuka, musamman da yamma da kuma gabanin ruwa. Lokacin hunturu kuwa barci ya yi ta yi. Ga danshin Legas: kafin wata shida kusoshi sun yi tsatsa, boris ya fara kuka, sai da na sa aka canza. Da farko a jikin bango muka ɗaure shi, girgizarsa ta hana Hajiya barci, dole muka yi masa turke daban.

Da kuɗin nan faifan sola biyu na ƙara da batir, da na fi samun riba. Yayana da ke Ibeju-Lekki, dab da bakin teku, ya ce in kai masa ya gwada, amma na ce ya fara aron ma'aunin iska ya auna na wata guda kafin mu ɗauki hayar mota.