Karon batta tsakanin Sonny biyu

Wata uku ke nan ina jin faifan jaz ɗin nan, Sonny Side Up, yawanci da dare bayan yara sun yi barci. An naɗe shi a New York ranar 19 ga Disamba, 1957, kamfanin Verve ya fitar da shi a 1959. Dizzy Gillespie mai busa turomfet ne jagora, amma ni abin da ya riƙe ni shi ne mabusa saksofon biyu masu suna ɗaya, Sonny Rollins da Sonny Stitt.

Kiɗa huɗu ne kacal, duka bai cika minti 40 ba. A na farkon Dizzy har da rera waƙa da muryar nan tasa ta barkwanci. Ban ƙi ba, sai dai nakan tsallake shi in faɗa "The Eternal Triangle".

Nan ake yin ta. Minti 14 a guje, Charlie Persip yana kora su da ganga ba hutu. Rollins ya fara, Stitt ya biyo, daga nan suka shiga karɓa-karɓa: wannan ya jefo gajeriyar busa, wancan ya cafe ya mayar masa tun bai gama numfashi ba. Satin farko wallahi ban iya bambance su ba. Sai daga baya kunnena ya waye. Sautin Rollins kauri gare shi da ɗan gurnani, yakan kama sauti guda ya yi ta juya shi kamar mai taunar goro. Na Stitt kuwa santsi, tas-tas, ba tuntuɓe, hanyar shahararren mabushin saksofon nan Charlie Parker sak. Ni masoyin Rollins ne, amma a wannan karon Stitt na ba nasara.

"After Hours" ke sauke gajiyar. Ray Bryant yana taɓa piyano a hankali kamar mai hirar tsakar dare, wansa Tommy yana dafa masa da bas, wato ƙaton abin kiɗa mai tsarkiya da zurfin sauti. A kiɗan ƙarshe kuma Rollins ya rama: makaɗa su buga ɗaya su yi tsit, shi kaɗai ya cike gurbin.

Ranar da na kunna shi da sifikar waya, bas ɗin Tommy ya ɓace gaba ɗaya, kiɗan ya zama kamar miya ba gishiri. Tun daga ranar sai da abin kunne nake jin sa.