Motar bas da aka mayar gida: ƙara na'urar sanyi ko tare zafin?

A Amurka akwai masu sayen tsofaffin motocin makaranta su mayar da su gida, kuma wanda ya shiga birnin Phoenix da irin wannan mota a watan Yulin 2023, lokacin da zafi ya yi kwana 31 a jere yana kaiwa digiri 43, ya san iyakar na'urar sanyin da ke kan rufi. Bayan an wanke matatar iska, an kuma kakkaɓe ƙurar da ta toshe koyil ɗin waje, wato bututun da ke fitar da zafi daga na'urar, idan har ɗaki bai yi sanyi ba, mafita biyu ce ta rage.

Ta farko ita ce a ƙara na'ura ta biyu. Wannan hanya tana da sauri, sai dai na'ura mai ƙarfin BTU 13,500 (BTU ma'aunin ƙarfin sanyayawa ne) tana cin wuta sosai, don haka layin lantarki mai amfiya 30 da ake samu a wuraren ajiye irin waɗannan motoci da ƙyar yake ɗaukar guda biyu tare da firji.

Ta biyu ita ce a hana zafin shiga tun farko, kuma a ganina ita ta fi. Jikin motar ƙarfe ne, tagoginta gilashi ne falle ɗaya a jere, har mutum ba ya iya ɗora tafin hannu a kan silin da azahar. Shafa wa rufi farin fenti, fesa kumfa mai tare zafi a ciki, da lulluɓe tagogi daga waje suna rage wa na'urar aiki ƙwarai, ko da yake fesa kumfar na buƙatar a ɓalle silin gaba ɗaya.